Benchmark da overhead: wace Hausa za mu ba su?

1/ Jama'a, duk mai rubutu kan kwamfuta da Hausa sai ya ci karo da kalmomin nan biyu, benchmark da overhead, kuma kowa na kiransu yadda ya ga dama. Ga shawarata, mai gyara ya gyara.

2/ Benchmark, wasu na cewa "gwaji". Bai isa ba. Gwaji yana nuna ko abu na aiki ko ba ya yi. Shi wannan kuwa, aiki iri ɗaya ake ɗora wa na'urori daban-daban, a fitar da lamba, a jera a gani. Ni dai na tsaya a kan "awon ƙwazo". Manhajar da ke yin awon, irin fio ko CrystalDiskMark, ita ce "ma'aunin ƙwazo".

3/ Me ya hana "awon sauri"? Ɗauki misalin faifan ajiyar bayanai na kwamfuta (hard disk): saurinsa ba ɗaya ba ne. Faifai mai juyi 7200 a minti yana iya karanta fiye da megabait 100 a daƙiƙa idan bayanan a jere suke. Amma ka sa shi tsintar ƙananan gutsattsari masu kilobait 4 daga wurare barkatai, sai allurar da ke karanta faifan ta yi ta kai da kawo, tana jiran faifan ya juyo da inda ake so. Jiran rabin juyi kaɗai ya ɗara milisakan 4. Da kyar zai yi karatu 100 a daƙiƙa, wato ko megabait 1 bai cika ba. Kwamfutar da ke gudanar da ayyuka da yawa lokaci guda, irin wannan tsince-tsincen ta fi yi, don kowace manhaja da inda take ja. To wanne ne "saurin"? Ƙwazo ya haɗe su duka.

4/ Overhead ta fi wuya. A nan ana nufin kason lokacin firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta mai sarrafa ayyuka) da ke tafiya wajen hidimar ɗauko bayanai, ba wajen aikin da ka sa ta ba. A tsofaffin faifai masu mahaɗin da ake kira IDE abin ya fito fili. Akwai hanyoyi biyu na kwaso bayanai daga faifan, PIO da DMA: tsarin PIO mataki na 4 da tsarin multiword DMA mataki na 2 duk iyakarsu megabait 16.6 a daƙiƙa. Amma a PIO firosesa ce da kanta ke kwasar bayanan ɗaya bayan ɗaya zuwa RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta), sauran ayyuka na jira. A DMA umarni kawai take bayarwa, wani sashe na kwamfutar ya yi kwasar, ita ta koma harkarta, a taɓo ta in an gama. Lambar sauri ɗaya, amma a PIO waƙar da kake ji sai ta riƙa sarƙewa in ana kwafe babban fayil.

5/ "Nauyi" ba ta yi ba, don aikin kansa ma nauyi ne. "Ɗawainiya" ta yi kusa, sai dai ba a faɗinta da kashi cikin ɗari. Ina ganin "la'ada" ce: abin da dillali ke yanka kafin kaya su iso hannunka, ba ya cikin kayan amma dole a biya. In an ce ai kalmar kuɗi ce, lokacin firosesa ma kashe shi ake yi.

6/ Ku gwada a baki: "Awon ƙwazon ya nuna faifan biyu kunnen doki suke, amma na farkon ya fi cin la'adar firosesa." Wanda ya ji ta yi masa gingiringim, ya kawo tasa, amma da jimla, ba kalma tsirara ba.