Birkin ABS: taimako ne ko yaudara?

Baban Amira: Jama'a, raina a ɓace yake. Makon jiya na biya kuɗi aka gyara min ABS, na'urar nan da ke hana taya kullewa idan an danne birki. Jiya a hanyar burji akuya ta faɗo min, na danne birki, sai na ji yana karkarwa a tafin ƙafata, gir-gir-gir, mota kuwa tana ta tafiya har na buge ta. Sai da na biya mai akuya. Da Fijo 504 ɗin mahaifina ce da tuni ta tsaya cak. Wallahi ABS yaudara ne.

Malam Sabo: Allah ya kiyaye gaba. A kan burji da yashi haka yake yi, tazarar tsayawa takan ƙaru, domin tayar da ta kulle tana tara ƙasa a gabanta, ABS kuma ba ya barin ta ta kulle. Amma a jiƙaƙƙiyar kwalta da damina ya fi saurin tsayar da mota, kuma kana iya juya sitiyari ka kauce. Karkarwar nan aikinsa ne, ba a ɗaga ƙafa.

Oga Mai Gareji: Yaudara? Wa ya yaudare ka? Kullum sai a ɗora wa bakanike laifi.

Baban Amira: Oga, ban kira sunan kowa ba.

Oga Mai Gareji: Ka ce an gyara, ka ce yaudara. Mu ba yara ba ne.

Ɗan Tasha: To ƙarya aka yi? Kanikawa nawa ne ke cire ƙwan fitilar gargaɗin ABS su ce sun gyara sensa mai auna gudun taya?

Oga Mai Gareji: Ku da ke ɗaukar fasinja da sudaddiyar tayar gwanjo?

Mai Marsandi: Tun 1978 kamfanonin Mercedes da Bosch suka sa ABS a motar S-Class. Bajamushe ba ya yaudara.

Ɗan Tasha: Ka tafi da Marsandinka, Toyota ce motar talaka.

Malam Sabo: Don Allah mu koma kan birki.

Hajiya Binta: Ni dai akuyar, an samu an yanka kuwa?

Oga Mai Gareji: Tunda ni na buɗe zauren nan bari in taƙaita. Kowa ya yarda aikin bakanike lafiya lau yake, matsalar direba ce da tayarsa. Baban Amira ya janye kalmar yaudara.

Baban Amira: Yaushe na janye?