Neman shawara: darasin hujja a shari'ar laifuka ya rikice mini

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni ɗan Maraɗi ne, ina karatun shari'a a jami'ar Tawa, kuma babu darasin da yake ba ni wahala kamar na hujja a shari'ar laifuka. Da na zo hutu, wani ɗan'uwana da ya yi karatu a Katsina ya ba ni littattafansa, sai na tarar cike suke da ƙa'idojin shaidar da kotu za ta karɓa da wadda za ta ƙi, kamar maganar da shaida ya ji a bakin wani, alhali mu ana koya mana cewa ana iya tabbatar da laifi ta kowace hanya. Shin in ci gaba da su ne, ko in ajiye su? Kuma ta yaya zan sa darasin ya zauna mini, ba hadda kawai ba?

Amsar wani lauya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Littattafan ba su yi kuskure ba, na wata ƙasa ne. Najeriya ta gaji tsarin Ingila, shi ya sa take da dokar shaida mai zaman kanta ta 2011. Nijar kuwa tsarin Faransa ta gada, kuma ƙa'idojin hujjarmu suna cikin kundin tafiyar da shari'ar laifuka, wanda aka fara kafawa a 1961, aka kuma yi masa sauye-sauye daga baya, saboda haka ka nemi bugu na baya-bayan nan. Abu biyu za ka riƙe: ana iya kawo kowace irin hujja, kuma alƙali yana yanke hukunci bisa gamsuwar zuciyarsa. Inda ɗalibai suke faɗuwa shi ne zaton cewa wannan ya sakar wa alƙali mara, alhali ba shi da ikon dogara da komai sai abin da aka gabatar a gabansa, kowane ɓangare ya samu damar yin jayayya a kai. Ko amsa laifi da wanda ake tuhuma ya yi bai ɗaure alƙali ba, auna shi zai yi kamar sauran hujjoji. Nauyin tabbatarwa yana kan mai gabatar da ƙara, shakka kuma tana amfanar wanda ake tuhuma.

Amsar wani tsohon magatakardan kotu:
Ɗana, tunda kana gida, ka je babbar kotun Maraɗi ranar zama, domin a buɗe take ga jama'a, ka tafi da littafin rubutu. Za ka ga alƙali da kansa yake yi wa wanda ake tuhuma tambayoyi, fayil a buɗe a gabansa. Ka sa ido musamman lokacin da aka karanto takardar bayanin da jandarma ko 'yan sanda suka rubuta, wadda muke kira PV, tafinta ya mayar da ita Hausa, mutumin ya girgiza kai ya ce shi ba haka ya faɗa ba, dangwala yatsa kawai ya yi a kan Faransancin da bai iya karantawa ba. Abin da alƙali zai yi a wannan gaɓar shi ne darasinka, domin a yawancin laifuka takardar nan bayani ce da za a auna, ba hujjar da ba a musu da ita ba. Na sha ganin an sallami mutum saboda babu abin da ya mara mata baya.

Amsar wata ɗalibar mastas a Yamai:
Na yarda da lauya da magatakarda, sai dai ni ba zan ce ka rabu da littattafan ba, ɗan'uwa. Ka ajiye su har ka wuce jarrabawa, domin idan ka rubuta ƙa'idar Najeriya a takardar amsa za ka yi asarar maki. Bayan nan ka koma musu, musamman sashe na 84 na dokar shaidar Najeriya, wanda ya yi magana kan hujjar da ta fito daga kwamfuta, ka kwatanta shi da dokarmu ta laifukan intanet ta 2019. Wanda zai yi aikin lauya a Maraɗi, inda hulɗar ciniki da Katsina da Kano ba ta yankewa, zai riƙa haɗuwa da saƙonnin waya da takardun da suka ƙetaro iyaka, kuma sanin yadda kotunan can suke duba su zai yi maka amfani.