Wai karatun mantiƙi ɓata lokaci ne?

Abban Hafsa: Salam yan uwa. Ni dai har yanzu ina kan bakata, mantiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, ba abin da yake ƙara ma ɗalibi sai jayayya. Ibn Taimiyya ya faɗa tuntuni, mai kaifin ƙwaƙwalwa baya buƙatarsa, daƙiƙi kuma baya amfana da shi.

Ɗan Zariya: Allah gafarta malam ai ba a nan maganar ta tsaya ba. Akhdari a cikin Sullam, littafinsa na mantiƙi wanda ya nazamta a 941 Hijira, ra'ayi uku ya kawo kan hukuncin karanta shi, Ibn Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a sanshi, shi kuma ya rinjayar da halasci ga mai cikakken hankali da ya san Kur'ani da sunna.

Abban Hafsa: To bani amfani guda ɗaya na haddi, wato yadda masu mantiƙi ke fayyace ma'anar abu. Wanda bai taɓa shan fura ba ko ka kwana kana ce masa gero ne aka daka aka dafa aka dama da nono wlh bai san fura ba sai ya kurɓa.

Maman Sadiq: Yaya gskiya nan ban bika ba. Haddi ba ɗanɗano aka ce zai baka ba, iyaka yake ja, ya tattaro duk abin da ke ciki ya kore na waje, shi ne malaminmu ke cewa jami'i mani'i. Ranar sunan ƙanwata mata biyu suka kusa awa suna musu kan bidi'a har abinci ya huce, ashe ɗaya duk sabon abu take nufi ɗayar kuma sabon abu a ibada kawai, da an fara tambayar me kike nufi da kalmar da tuni an wuce wajen. Abin ya dameni sosai don har yau basa gaisawa.

Ɗan Zariya: Kuma musun nan ba baƙo bane a wajenmu. Maghili da ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya aika ma Suyuɗi baitoci yana kare mantiƙi, yana cewa a karɓi gaskiya ko daga bakin wa ta fito, Suyuɗi ya maido masa amsa shima a waƙe.

Abban Hafsa: Ƙanwata na yarda a fayyace kalma kafin musu. Amma wannan hankali ne Allah ya ba kowa, sahabbai sun yi ba tare da Aristotle, Bagirken da ya tsara mantiƙi, ba.

Maman Sadiq: Larabci ma sun yi daidai ba tare da littafin nahawu ba yaya, mu kuma gashi sai mun karanta.

Abban Hafsa: Nahawu daga bakin Larabawa aka ciro shi, wannan fa daga Girka ya zo. Bari in dawo daga la'asar mu ɗora.