Soyayyar 'yan makaranta a ƙaramin gari: me ya riƙe ku a irin littattafan nan?

Maman Ihsan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina kakkaɓe tsohon akwatin lefena, sai ga wani littafi ya faɗo, babu bango, gara ta ci gefe guda. Na ce bari in leƙa layi biyu, wallahi ban ɗago ba sai da na ji ƙaurin shinkafa.

Kuma labarin ba wani abin a zo a gani ba ne. Yarinya 'yar aji biyar, a garin da mota ba ta cika shiga ba sai ranar kasuwa, da wani yaro mai taya babansa facin keke. Tun daga farko har inda na kai ko gefen mayafinta bai taɓa ba. Babban tashin hankalin da ke ciki shi ne ranar da wasiƙarsa ta faɗa hannun yayanta. Amma ga ni, uwar 'ya'ya huɗu, gabana na faɗuwa kamar ni za a kama.

Ba ina nufin na Alhaji mai jirgin sama da gida a Dubai ba. Irin na ƙauye da ƙananan garuruwa nake nufi, masu sanyin nan. Kowa ya ba mu nasa: a ina kuka karanta, me ya riƙe ku?

'Yar Bichi

Wa alaikumus salam Maman Ihsan, kin sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Mu a makarantar kwana muka yi namu. Littafi ɗaya ne zai shigo ɗaki mai mutum talatin, sai a warware zaren a raba shi gida huɗu. Wadda ta gama kashin farko ta miƙa wa ta gadon sama, ita kuma ta karɓi na biyu. Idan an kashe janareta sai a shige bargo da tocila, batirin ma na haɗaka ne. Akwai wata siniya da ke riƙe kashin ƙarshe, ba za ta sake shi ba sai kin ɗebo mata bokitin ruwa. Na ɗebo ya fi a ƙirga, ban kuma yi nadama ba.

Abin da ya riƙe ni kuwa, ku yi dariya in kun so, ba saurayin ba ne. Ƙanin yarinyar ne, ɗan aiken nan da ake ba alewa ya kai takarda, ya tsaya kallon ƙwallo a hanya ya manta da ita a aljihu, uwa ta zo wanki ta tsinta. Duk littafin da ke da irin yaron nan na san marubuciyar ta zauna a gari irin namu, don ni ma ina da irinsa a gida. Yanzu lauya ne, har gobe ina tuna masa alewar da ya ci ta haram.

Abu Sadik

Ku ba maza wuri mu ma. Na yi wa yayana jiran shagon hayar littattafai a Gumel kusan shekara uku bayan na gama sakandare. Yakan je Kano ya saro a kasuwar Sabon Gari, mu manna wa kowanne leda a bango, mu rubuta lamba, mu shigar a rajista. Yawanci littafi kashi-kashi yake fitowa, na ɗaya, na biyu, na uku, kuma marubuta sun iya mugunta, daidai inda uban yarinya ya yi gyaran murya a zaure nan za a ce mu haɗu a littafi na biyu.

Ga abin da na gani da idona. Na masu kuɗi da motoci su ake rububi satin da suka zo, bayan wata guda sun kwanta sai ƙura. Na ƙauyen nan kuwa ba a yi musu layi, amma ba sa zama a kanta. Mace ɗaya za ta karɓi littafi guda sau uku a shekara. Su ne muke sake ɗinkewa da zare da allura, su ne kuma ake dawo da su da ɗigon manja da zanen biro a ƙarƙashin wasu layuka.

Samari kuma ba sa zuwa su ce na kansu ne. Kowa "ƙanwata ce ta aiko ni". Akwai wanda na san gidansu sarai, su bakwai ne duk maza, amma kullum ƙanwarsa na aiko shi. Ban taɓa tona shi ba, don ni ma a bayan kanta nake karanta nawa, har na kwafi baitoci biyu na aika wa wata. Ta gane littafin da na ɗauko su, don ita ta mayar da shi shekaranjiyar ranar.

Ummu Fadila

Ni ku yi haƙuri zan ɗan zuba ruwan sanyi. Na karanta su, na kuma so su, amma a ƙaramin gari na tashi, na san abin da littattafan ke tsallakewa. A takarda, "kowa ya san kowa" abin sha'awa ne. A zahiri ma'anarsa in aka gan ki kin tsaya da yaro a bakin famfo da hantsi, kafin azahar maganar ta isa kunnen babanki, an ƙara mata gishiri da yaji.

Ƙawata da muke zama benci ɗaya, wasiƙa guda aka kama a jakarta. Ba wata kalmar banza a ciki, na karanta da idona, gaisuwa ce da fatan ta ci jarrabawa. Ba ta rubuta jarrabawar ba. Kafin hutun ƙarshen shekara an ɗaura mata aure da wani abokin kawunta. A littafi da kaka ta shiga tsakani, ko liman ya kira uban ya yi masa nasiha, a ƙare da biki da guɗa. Ita babu wanda ya shiga. Shi ya sa in na ji ana cewa soyayyar ƙauye mai daɗi sai in ce a bakin wa.

'Yar Bichi

Allah sarki, Allah Ya ba ta haƙurin zama. Amma Ummu Fadila, ina ganin ai don hakan ma muke karantawa. Mun san yadda abin ke ƙarewa a layinmu. Muna son mu ga garin nan dai, da famfon, da 'yan gulmar, da uba mai zafin, amma sau ɗaya a ce an kira yarinya an tambaye ta wa take so.

Ummu Fadila

Wannan kam na yarda. Ni ma wurin da kaka ke cewa "a bar mini jikata" shi nake maimaitawa.

Malama Hausa

Sannunku da hira. Ina koyar da Hausa a sakandaren 'yan mata shekara goma sha tara, kuma in faɗi gaskiya na ƙwace littattafan nan da hannuna ba adadi. Dokar makaranta ce. Abin da ɗalibaina ba su sani ba shi ne ina kai su gida in karance kafin in miƙa ofis.

Gardamar da kuke yi tsohuwa ce. Tun shekarun 1980 littattafan suka fara yawaita a Kano, marubutan suna buga abinsu da kuɗin aljihunsu, har suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Farfesa Ibrahim Malumfashi ne ya yi musu laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, ba kuma da yabo ya faɗa ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu, aka yi ta musayar alƙalami a jaridu. A 2007 har ƙona wasu aka yi a bainar jama'a a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa zargin suna ɓata tarbiyya. Akwai na banza a cikinsu, ba na musu. Amma an haɗa tsaba da tsakuwa.

Abin da aji ya koya mini: yarinyar da ke ɓoye irin littafin nan a cikin littafin lissafi, ita ce ke rubuta mini insha'i mai shafi uku ba tare da ta haɗa "na" da "ne" ba daidai ba. Ta san karin magana, ta san yadda ake gina zance. Kuma na ƙauyen sun fi koyar da harshe, don marubuciyar da ta hana kanta rungume-rungume dole ta nemo wata hanyar nuna so. Sai ta sa yarinya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, ta ƙi faɗin sunan yaron sai dai "wancan", ta zuba masa ƙosai fiye da na kuɗinsa ta ce kuskure ne. Kunya ce jarin labarin gaba ɗaya. Ka cire ta, shafi goma ya ishe ka.

Ɗan Damagaram

Gaisuwa daga Nijar. Mu lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci muka yi, Hausa a baki take, ba a takarda ba. Yayata ce ke sa direbobin Kano su riƙo mata littattafai, ni kuma ta ɗora mini karanta mata tana tuƙin tuwo, wai idonta na ciwo da hayaƙi. Da farko ina ta tuntuɓe, don harafin c da u ba haka muke furta su a lakwal ba, tana gyara mini tana dariya. Da littafin soyayya na iya karatun harshen uwata, ba na jin kunyar faɗa.

Wanda ya zauna mini a rai a wani gari ne kusa da iyaka. Ranar kasuwa, amalanken shanu, yara na gaɗa a dandali da farin wata. Na ce wa yayata wannan ai Matamaye ce aka sauya wa suna. Ta ce a'a, Magarya ce. Har yau ba mu shirya a kai ba.

Hajjo

Ni ta ɓangaren Turanci na shigo. Babana ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a Zariya muka tashi, muna sayen tsofaffin littattafai na gwanjo waɗanda ake shimfiɗawa a ƙasa. Da yawansu na Amurka ne, na 'yan sakandare a wani ƙaramin gari mai titi ɗaya: gidan cin abinci guda da kowa ke haɗuwa, wasan ƙwallon makaranta daren Juma'a, bikin rawar 'yan ajin ƙarshe, da baƙuwar yarinya da aka kawo hutu wajen kakarta daga birni.

Ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba a lokacin, amma ban ji baƙunta ba. Mai gidan abincin da ta san sirrin kowa, ai mai ƙosan bakin layinmu ce. Da na koma karanta na Hausa sai na tarar da ƙashin bayan iri ɗaya ne, har da tambayar ƙarshe: ɗaya ya samu jami'a a birni, zai tafi ko zai zauna? Bambancin, su yarinya da yaron ne ke yanke hukunci, mu kuwa sai an tara baffanni a zaure.

Yanzu shekarata goma sha ɗaya a Ingila. Maƙwabcina na jikin bango ban san sunansa ba. In na ɗauki irin littafin nan da daddare, na lura ba na ma damuwa da ko za su yi aure. Garin nake bi, in ji an ce wance 'yar gidan wane, jikar mai goro.

Autar Mama

Iyayena da yayyena sannunku, ni ƙaramarku ce, ban riski zamanin haya ba. A Wattpad, manhajar karanta labarai, da guruf-guruf na WhatsApp muka buɗe ido. Ina ɗan taɓa rubutu, burina wata rana in shiga Hikayata, gasar gajerun labarai ta BBC Hausa, wadda tun 2016 ake yi.

Bara na fara wani labari a garin kakata, wajen Rano, don can nake zuwa hutu. Yaron mai kai markaɗe inji ne a kan keke. Shafukan farko na sha surutu: ina kuɗin, yaushe za a gano ɗan sarki ne da aka sace yana jariri, wannan labari ba ya tafiya. Wata ma ta ce in ba zan sa shi ya yi arziki ba in faɗa mata ta daina ɓata data. Har na ajiye sati biyu.

Sai na rubuta wurin da ruwan sama ya tare su a rumfar mai injin, su biyu da tsohuwa mai jiran niƙan dawarta. Ba wanda ya ce uffan. Ya cire ledar da ke kan sirdin kekensa ya rufa wa robar markaɗenta, shi ya tafi a jiƙe. Daren nan wayata ba ta huta ba. Yawancin masu turo saƙon kuma ba sa'o'ina ba ne, matan aure ne, wata ta ce ta kira mijinta a waya ba dalili, har ya tsorata ya ce lafiya.

Abu Sadik

Autar Mama, kar ki kuskura ki mai da shi ɗan sarki. In kin yi ban yafe ba.

Maman Ihsan

Kai jama'a, na gode, na sha dariya na kuma yi ƙwalla. Ummu Fadila, in kuna waya da ƙawar taki ki gaishe ta.

Sai dai ina da matsala. Da na dawo daga kankare tukunya na ci gaba, ashe shafukan ƙarshe ma babu. Ya tsaya daidai inda aka aiki ƙanin ya kira ta, baffanta na Kano ya iso, an shimfiɗa tabarma a zaure. Shekara ashirin da wani abu, na manta yadda aka ƙare, sunan littafin ma ya ɓace mini. Abu Sadik, kai da ka riƙe rajista: yaron mai facin keke ne, yarinyar tana tallan dafaffiyar gyaɗa bayan an tashi daga Islamiyya, kakarta makauniya ce. Ko ka tuna lambarsa?