Da Jim Brown da Dan Marino za su shigo NFL ta yau, yaya za su kasance?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bibiyar ƙwallon ƙafar Amurka. Ina neman ra'ayinku a kan tsofaffin 'yan wasan NFL, wato babbar gasar wannan wasa a Amurka. Jim Brown ya buga wa Cleveland Browns daga 1957 zuwa 1965, ya tara yadi 12,312 na gudu da ƙwallo, kuma a kaka takwas cikin tara babu wanda ya kamo shi a gasar. Sai dai 'yan layin gaba, wato ƙartin da suke jeruwa a gaba suna ture juna, na zamaninsa nauyinsu wajen kilo 115 ne, alhali na yau da yawansu sun haura 135. Shin irinsa zai yi tasiri yanzu?

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam, Malam. A ganina, ba adalci ba ne a ɗauko mutum da horon 1960 a jefa shi filin yau. A wancan zamani 'yan wasa da dama sukan nemi wani aikin idan kaka ta ƙare, har Chuck Bednarik na Philadelphia Eagles kankare yake sayarwa. Brown kuwa nauyinsa ya kai kilo 105, ga gudu, kuma bai taɓa fashin wasa ko ɗaya ba, don haka idan ya samu abinci da atisaye irin na yanzu, ba na shakkar zai yi fice. Abin da zai ragu shi ne yawan ba shi ƙwallo, domin ƙungiyoyi sun karkata ga jifa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Gale Sayers na Chicago Bears, wanda raunin gwiwa da ya fara samu a 1968 ya gajarta masa wasa. Da ya samu tiyata irin ta yanzu, wataƙila da ya daɗe yana wasa: dubi Adrian Peterson, shi ma mai gudu da ƙwallo, ya tsinke jijiyar gwiwa a Disamba 2011, aka yi masa tiyata, ya dawo ya yi yadi 2,097 a 2012.

Amsa ta biyu:
Ni dokoki nake dubawa kafin jiki. Tun 1978 aka hana mai tsaron baya ture mai karɓar ƙwallo bayan yadi biyar, aka ƙara tsananta hakan a 2004, sannan ga kariyar da alƙalai suke ba mai jifa yanzu. Dan Marino, wanda mai jifa ne, ya jefa yadi 5,084 a 1984, lokacin da ake dukan mai jifa ba sassauci, kuma sai a 2011 aka karya wannan tarihi. Da saurin sakin ƙwallo irin nasa, wasan yau zai yi masa sauƙi ƙwarai. Masu tsaro ne za su sha wahala: marin kwalkwali da Deacon Jones ya shahara da shi an haramta shi a 1977, kuma yadda Dick "Night Train" Lane yake kamo mutane ta wuya zai jawo masa kora da tara.

Amsa ta uku:
Malam, a kan Lane ban yarda da kai ba. A 1952 ya cafke ƙwallon abokan hamayya sau 14 cikin wasa 12 kacal, kuma har yau da ake buga wasa 17 a kaka babu wanda ya kai haka. Wannan ido ne da karanta zuciyar mai jifa, kuma mai irin wannan basira zai iya sauya yadda yake kama mutum cikin kaka guda.