Wuyan babur ɗina ya ƙi saituwa: in na ɗaure ya cije, in na sassauta ya yi ƙara

Assalamu alaikum masu gyaran babur, a taimaka min.

Babur ɗina babba ne na doguwar tafiya, da shi nake zirga-zirga daga ƙauyenmu ta hanyar burji zuwa Gumel da Maigatari. Kwanan nan in na kama birkin gaba, ko taya ta faɗa rami, sai in ji ƙwas a wuyansa, har tafin hannuna. Na sa bulo ƙarƙashin inji, tayar gaba ta bar ƙasa, na kama shokozoba biyun na jijjiga gaba da baya, akwai wasa.

Na kwance notin sama, na ƙara ɗaure notin saiti da ke ƙarƙashinsa kaɗan-kaɗan. Ƙarar ta tafi. Amma da na mayar da notin sama na ɗaure sai kan ya yi tauri, kuma yana zuwa daidai tsakiya sai ya ɗan maƙale kamar ya faɗa gurbi, sai an tura ya wuce. A kan kwalta babur sai lilo yake hagu da dama, abin na ba ni tsoro in na ɗauko mutum. Na sassauta, ƙwas ta dawo.

Bakaniken garinmu ya canza ƙwallayen boris ya cika giris, amma bai taɓa kofunan da suke zama a ciki ba. Na shafa na ƙasan da yatsa, na ji 'yan lotse-lotse a jere. Shi dai ya ce ba komai, ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Wannan maƙalewar ta tsakiya, saiti zai iya kawar da ita, ko dole sai an fitar da kofunan sama da ƙasa an sa sababbi?