Wannan "shuuu" na rediyo, mene ne sunansa da Hausa?

Jama'a, ku zo ku raba mana gardama. Mako uku ke nan muna ja-in-ja a majalisar shayinmu ta Nima a kan kalma ɗaya tak, har ataya na hucewa a kofi. Kalmar ita ce wadda Turawa ke cewa noyis, amma a bakin masu rediyo: wannan shuuu da ke danne muryar mai magana daga nesa.

Ga wanda bai san ni da harkar ba, ina cikin 'yan tsirarun da ke rediyon sha'awa a Akra. Ba saurare kawai muke yi ba, magana muke da takwarorinmu na wasu ƙasashe, eriya zuwa eriya, ba intanet, ba kati. Hukumar sadarwa ta NCA ke ba da lasisi, kuma lambar kiran ɗan Gana da 9G take farawa. Yaran unguwa biyu sun liƙe mini sai sun koya. Da Hausa nake yi musu bayani, kuma ban sha wuya ba, don tun 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa iyayenmu suka gama da gajeren zango da mita da eriya. Da na iso wannan kalma ce na cije.

Ƙara aka fara kawowa, na ƙi. Muryar da nake nema ita ma ƙara ce, to in na ce wa yaro "rage ƙara" sautin zai murɗe gaba ɗaya. Hayaniya da surutu sai da bakin mutane, irin na kasuwar Nima ranar Laraba. Kutse kuwa masu satar shiga kwamfuta sun riga mu. Wani ya kawo tsangwama, muka yi dariya, don cajar waya, da ke cikin masu haddasa shi, ba ta tsani kowa ba.

Katsalandan dai na karɓa, amma a muhallinsa. Tun taron Landan na 1912 masu buga waya ta iska ke da gajerun lambobi: QRM in wata tasha ta hau kanka, QRN in daga sama abin yake. Kana tsakiyar hira a mita 40, wani ya zo dab da kai ya buɗe murya bai tambaya ko da mutum a wurin ba, wannan katsalandan ne ba ko tantama. Na sama kuma mun ce masa tartsatsin hadari, wannan ƙaf-ƙaf da ke fashewa a kunne da damina duk lokacin da aka yi walƙiya, ko da hadarin yana can nesa ba ka ganinsa. Waɗannan biyu ba a yi musu a kansu ba.

Na ukun ne ya gagara, kuma shi ne ya fi damun mai zama cikin gari. Ba tasha ba ce, ba hadari ba ne. Shimfiɗe yake dare da rana, daga farkon zango zuwa ƙarshensa.

A 2015, lokacin da dumso, wato yawan ɗauke wuta a Gana, ya yi ƙamari, na fara gane shi. Kowa na tsine wa duhu, ni kuwa in an ɗauke wutar unguwa sai in jona rediyona da batirin mota, in ji tashoshin Turai da Barazil a mita 20 tangaran kamar a bayan ɗaki suke. Allurar da ke auna ƙarfin sigina takan zauna a S7 ko babu mai magana. Wuta na tafiya sai ta faɗo S2. A ƙa'ida kowane mataki ɗaya ninki huɗu ne na ƙarfi, wato mataki biyar ya kai ninki dubu. Duk muryar da ba ta kai wannan tudu ba, ta nutse.

Watan jiya na ce sai na ga bayansa. Na sa rediyo a batir, na kashe babban makunnin gidan haya da muke ciki, bayan na bi ɗaki-ɗaki na ba da haƙuri. Allura ta sauko zuwa S4. Ashe fiye da rabin ɓarnar a cikin gida take, ni ina ta zargin maƙwabta. Na riƙa mayar da layi ɗaya bayan ɗaya, yaro ɗaya na gaban rediyo yana ƙwala mini lamba. Ɓarawo na farko a ɗakina yake, wata cajar waya ta araha da na saya a bakin titi. Irin waɗannan suna datsa wuta sau dubbai a daƙiƙa, in aka yi rowar matatar da ya kamata a sa musu sai wayar gida ta zame musu eriya. Alamarsu ita ce kana murɗa zango kana cin karo da kururuwa iri ɗaya a tazara iri ɗaya, kamar turakun shinge.

Na biyun sai da na fita da ƙaramin rediyon hannu, na sa shi a matsakaicin zango inda babu tasha. Akwai sandar eriya kwance a cikinsa, in ka juya shi a hankali za ka sami inda ƙarar ta mutu, to bakin sandar yana kallon wajen da abin ke fitowa, ko gaba ko baya. Haka na bi har teburin mai waake da ke ƙofar gida, ƙarƙashin ƙwan LED ɗinta.

"Mma, don Allah ki ba ni aron duhu na minti ɗaya."

"Kai ɗan nan, yanzu kuma fitilata ce ke magana a rediyonka?"

Ta kashe, rediyon hannuna ya yi tsit, ta riƙe baki. Washegari na sayo mata ƙwai mai kyau, ta ƙara mini wele a kwano. Cajar kwamfuta kuma, ita ma tana cikin masu ɓarnar, amma ban yar ba, na naɗe wayarta sau biyar a zoben ferait, irin ƙullutun nan da kuke gani a jikin wasu wayoyin caja. Yawan naɗi ya fi yawan zobba aiki.

Ina ba da wannan labari a majalisa, Kawu, wanda ya tsufa yana gyaran rediyo, ya ajiye kofinsa ya ce, "Ai hazo kake faɗa." Ya ce a Disamba in hunturu ya sauko, benen da kake gani kullum daga nesa sai ya ɓace, alhali yana nan inda yake, ba wanda ya matsar da shi. Na kusa kana ganinsa, na nesa ne ke tafiya. Kuma ba ka cewa ga hazo can, cikinsa kake.

Malamin makarantar da ke cikinmu ya ce, "Kawu, a gafarce ni, hazo na ido ne, wannan kuwa na kunne." Kawu ya ce, "Malam, fitila na dusashewa, murya na dusashewa, wa ya taɓa kai ƙara?" Malam ya sake cewa za a rikita shi da hazon gaske, tunda busasshiyar iska mai ƙura ita ma tana tara caji a doguwar eriya har ta yi ƙyas-ƙyas. Wannan magana tasa gaskiya ce, na ba shi. Sai dai wancan ɗan'uwan tartsatsin hadari ne, a can za mu ajiye shi.

Abin da ya sa na bi Kawu shi ne kalmar ta zo da 'yan rakiyarta. Hazo ya yi kauri, hazo ya sauka, hazo ya washe, murya ta fito daga hazo. Ban koya wa yaran ko ɗaya ba, da kansu suka fara faɗa. Jiya ƙaramin ya rubuta a littafin tasha: mita 40, ƙarfe tara na dare, hazo S4.

Saura guda da ba mu daidaita ba. A cikin S4 ɗin nan akwai wani kaushi mai rrrr, wanda ke tsananta da rani ya lafa in an yi ruwa. Na bi shi har wata falwaya a bakin kwata. Wutar Gana tana juyi 50 a daƙiƙa, in ƙarfe ya saki a saman falwaya tartsatsi na tsallakawa a kowane rabin juyi, kunne ya ji bugu 100 a daƙiƙa. Wannan ba a taɓa shi, ba a dukan falwaya don gwaji, lambarta ake ɗauka a kai rahoto, kuma na kai. Kawu ya ce ƙugi, ni na ce gurnani, Malam ya ce ƙugi na ciki ne da yunwa. Mutanen Kumasi da na Tamale, ku da kuka fi mu jin hunturu, hazon ya zauna muku a baki? Na falwayar kuma ku zaɓa mana ɗaya kafin Juma'a, Kawu ya sa sukarin mako a kai.